Dokar da Ke Tsayawa a Zaure: Tarihin Sana'ar Cikin Gida a Ƙasar Kano

Wannan makon za mu duba tarihin sana'ar cikin gida, mu ga wa ke kafa mata doka, kuma a kan wa dokar take sauka.

Duk wanda ya san garuruwan gabashin Kano irin su Kademi da Gaya da Ajingi ya san kasuwa biyu ce a gari. Akwai mai rumfuna da ranar ci. Akwai kuma wadda ke ci kullum a bayan katanga: gidan ƙosai, gidan daddawa, gidan kitso, gidan da ake matsar man gyaɗa a toya ƙuli-ƙuli. Ta biyun ba ta da sarkin kasuwa, amma tana da ƙa'idojinta, kuma sun girmi kowace dokar gwamnati.

Ta farko, matar aure tana sana'a da yardar mijinta. Ta biyu, abin da ta samu nata ne. Shari'ar Musulunci ba ta ba miji iko da dukiyar matarsa ba, kuma ci da sha da tufafi suna nan a wuyansa. Ta uku, baligin da ba muharrami ba iyakarsa zaure. Ta ukun nan ce ta haifar da talla da aike, domin yaro ne kaɗai ke shiga ko'ina ba a ce masa ba shiga. In rigimar bashi ko ta mudu ta taso, mai unguwa ake fara kai wa, sai dagaci, in ta gagara sai alƙali.

Hukuma kuwa tun da can abin da ya fito fili take kamawa. Bajamushe Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar da sana'ar tufafi tana ciyar da iyalai ba tare da ta raba su da gidajensu ba. Ya rubuta cewa ana karɓar kuɗin karofi, wuri 700 a kan kowane ramin rini. Marina a waje take, ana iya ƙirga ta. Mazarin matar da ta kaɗa zaren yana ɗaka, ba mai ƙirga shi.

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912. Sannu a hankali yadi da zaren masana'anta suka rage wa kaɗi kasuwa, mata suka ƙara karkata ga abinci da man gyaɗa. Shi kuwa abinci ba ya jiran ranar kasuwa, dole a sayar da shi da ɗuminsa, sai nauyin ya koma kan farantin talla. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta fitar da maƙala a 1969 kan wannan ɓoyayyen ciniki, ta kwatanta shi da saƙar zuma: kowane gida ɗaki ne, yara ne ke haɗa su. Enid Schildkrout ta yi nata a birnin Kano a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna cewa jarin matar kulle ya dogara da ƙafar yaro, kuma ribar tallar yarinya na shiga cikin kayan ɗakinta.

A nan dokar zamani ta shigo, kuma ta ƙofar yaron ta bi. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, makaranta ta soma neman yarinyar da safe, daidai lokacin da ƙosai ke nemanta. A 2003 dokar haƙƙin yara ta tarayya ta haramta sa yara talla. Manufar tana da kyau, domin titi ya cinye karatun 'yan mata da yawa, wasu har da mutuncinsu. Sai dai wanda ya kori yarinya daga titi bai buɗe wa uwar wata hanya ba, ya rufe shagon uwar ne. Wanda kuma ya bar tallar yadda take, 'yar ce ke biyan kuɗin. Har yau wannan ƙullin bai gama warwaruwa ba.

Sauran dokokin ma a bakin zaure suke jira. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon kula da kasuwanni da shaguna da gidajen burodi da wuraren sayar da abinci. Dokar kamfanoni, wadda ta kafa hukumar CAC a 1990 aka kuma sabunta ta a 2020, tana neman rajista ne idan mutum ya raɗa wa kasuwancinsa sunan da ba nasa na gaskiya ba. NAFDAC, da aka kafa a 1993, tana shigowa idan aka ƙulle abinci ko abin sha a mazubi mai tambari don sayarwa. Wato muddin yaji yana cikin kwanon maƙwabciya, amana ce ke tsaronsa. Ranar da aka zuba shi a roba aka liƙa masa suna, ya zama abin hukuma. Yanzu da waya da WhatsApp da ɗan acaɓa suka fara karɓar aikin 'yar talla, mata da yawa na tsallaka wannan iyakar ba tare da sun fita ƙofar gida ba.

Don haka in za ku rubuta matar kulle, kada ku zaunar da ita hannu rabbana tana jiran cefane. Ku tambayi kanku: wace shekara ce, me take sayarwa, wa ke fitar mata da shi, wa take bi bashi, wace doka ce ke jiran kayan a waje? Rikicin uwa da malamin firamare a kan yarinya guda a 1977 ya isa littafi sukutum.

Allah ya ƙara basira. Sai mako mai zuwa.