Tarihin jQuery da Gwagwarmayar Daidaita Ƙa'idojin Yanar Gizo

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin tarihin wata taskar umarni ta kwamfuta mai suna jQuery, tare da duba matsayinta cikin gwagwarmayar daidaita ƙa'idojin yanar gizo. Abin da ake nufi da taskar umarni shi ne tarin umarnin kwamfuta da wani ya riga ya rubuta ya adana, domin mai tsara manhaja ya ɗauka ya yi aiki da shi, ba sai ya sake rubutawa daga farko ba. Idan aka ce taskar buɗaɗɗiya ce kuwa, watau an sake ta ga jama'a, kowa yana da iznin karantawa da gyarawa da rarrabawa. Tambayar da za mu yi ƙoƙarin amsawa ita ce: me ya sa aka buƙaci irin wannan taska alhali akwai ƙa'idoji a rubuce, kuma me ya same ta bayan ƙa'idojin sun kankama?

2.0 Asalin Matsalar

A shekarar 1989 ne Tim Berners-Lee ya gabatar da shawarar kafa yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa. Burinsa shi ne kowace kwamfuta ta iya karanta kowane shafi. Domin kare wannan buri ya kafa ƙungiyar W3C a 1994, wadda aikinta shi ne rubuta ƙa'idojin da kowa zai bi.

To, amma rubuta ƙa'ida daban, binta daban. Kamfanin Netscape ya fito da burauzarsa a 1994, Microsoft ya biyo baya da Internet Explorer a 1995, sai gasa ta kaure tsakaninsu. A wannan shekara ta 1995 Brendan Eich ya ƙirƙiro harshen JavaScript a Netscape, Microsoft kuma ya mayar da martani da nasa mai suna JScript a 1996. Ko da yake ƙungiyar ECMA ta daidaita harshen a 1997, W3C kuma ta fitar da ƙa'idar DOM, watau yadda umarni zai taɓa sassan shafi, a 1998, kowane kamfani ya ci gaba da cusa nasa salo. Al'amarin ya zama tamkar kasuwar da kowane ɗan kasuwa ya zo da mudunsa, mai awo bai san abin da zai tafi da shi gida ba.

Microsoft ne ya yi galaba. Bayan fitowar Internet Explorer 6 a 2001, burauzar kamfanin ta mamaye fiye da kashi 90 cikin 100 na kasuwa, kuma aka shafe shekara biyar ba a fitar da sabon zubi ba, sai a 2006. Alal misali, ƙa'idar W3C ta shekarar 2000 ta ce idan ana so shafi ya amsa latsawar mai karatu, a yi amfani da umarnin addEventListener, amma Internet Explorer ta tsaya a kan nata attachEvent har zuwa 2011. Saboda haka dole mai tsara shafi ya rubuta abu guda sau biyu, ya gwada a nan ya gwada a can.

3.0 Bayyanar jQuery

Wahalar ta ƙaru sa'ad da Gmail ya fito a 2004 da Google Maps a 2005. Waɗannan sun nuna cewa shafi zai iya karɓo sabon bayani ba tare da an sake buɗe shi baki ɗaya ba, dabarar da Jesse James Garrett ya laƙaba wa suna Ajax a 2005. Kowa ya so yin haka, amma bambancin burauzoji ya tsaya a gaba. Daga nan taskoki suka fara ɓullowa, irin su Dojo a 2004 da Prototype a 2005.

Cikin wannan yanayi ne wani matashi Ba'amurke mai suna John Resig ya gabatar da jQuery a wani taro a birnin New York cikin Janairu 2006, zubi na farko cikakke kuma ya fito a watan Agusta na shekarar. Hikimar taskar ba ta da wuyar fahimta. Da ma masu tsara shafi sun saba da ƙa'idar CSS, wadda da ita ake nuna sashen shafin da za a yi wa ado. Sai Resig ya ari wannan hanya ta nuni: mutum ya rubuta alamar dala, ya ambaci sassan da yake so, sa'an nan ya jera ayyukan da za a yi musu ɗaya bayan ɗaya cikin layi guda. A ƙarƙashin wannan sauƙi kuwa, taskar ce ke duba abin da kowace burauza take iyawa, ta ba ta umarnin da take ganewa. Watau jQuery ta zama tafinta tsakanin mai tsara shafi da burauzojin da ba sa jin harshen juna.

Buɗaɗɗen lasisin MIT da aka sake ta a ƙarƙashinsa ya taimaka ƙwarai, domin ya ba kamfanoni damar amfani da ita cikin kayan sayarwarsu. Duk wanda ya gano wata matsala a wata burauza sai ya kai rahoto, a gyara, kowa ya amfana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin lura shi ne, a 2008 Microsoft da kansa, tare da Nokia, ya ba da sanarwar karɓar jQuery. Kamfanin da burauzarsa ta fi jawo ciwon kai ya dawo yana raba maganin.

4.0 Daga Taska zuwa Ƙa'ida

A ganina, a nan ne babban muhimmancin jQuery yake. An saba ɗauka cewa ƙa'ida daga sama take saukowa, masana su rubuta, masu aiki su bi. Tarihin jQuery ya nuna akasin haka yana faruwa. Da masu rubuta ƙa'idoji suka ga yadda jama'a suka rungumi zaɓen sassan shafi ta hanyar CSS a jQuery da 'yan'uwanta, sai aka shigar da umarnin querySelectorAll cikin burauzoji, W3C kuma ta tabbatar da shi a 2013. Har ila yau, umarni irin su append da prepend da closest da ke cikin ƙa'idar DOM ta yanzu, da ma sunaye ne da aka saba da su a jQuery.

Sai dai wannan nasara ita ce ta rage buƙatarta. Idan mutane biyu sun ji harshen juna, tafinta ya zama ɗan kallo. A 2013 zubi na biyu na jQuery ya daina kula da Internet Explorer 6 da 7 da 8. A 2018 GitHub ya ba da sanarwar cire ta daga shafinsa, Bootstrap ya bar ta a 2021, shafin gwamnatin Birtaniya ma ya cire ta a 2022, domin shafuka su yi saurin buɗewa ga masu ƙananan wayoyi da masu raunin intanet. Wannan dalili na ƙarshe ya shafe mu, tun da galibin jama'armu da irin waɗannan wayoyi suke shiga yanar gizo, kuma kowane nauyi da aka ɗora wa shafi daga aljihunsu yake fita. An kuma soki jQuery da cewa ta yaye masu tsara shafi da yawa waɗanda suka san ta ba su san JavaScript ɗin da aka gina ta a kai ba.

Duk da haka ba a binne ta ba. Ƙididdigar W3Techs ta 2023 ta nuna tana cikin fiye da kashi 70 cikin 100 na shafukan da aka auna, kuma ɗaya daga cikin dalilan haka shi ne WordPress yana zuwa da ita. Tun 2019 tana ƙarƙashin gidauniyar OpenJS.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa jQuery ta samu ne saboda giɓin da ke tsakanin ƙa'idar da aka rubuta da abin da kamfanoni suka aikata, ta cike giɓin, sa'an nan ƙa'idar ta ari wasu dabarunta. Microsoft ya yi ritayar Internet Explorer a 2022, amma bai kamata mu saki jiki ba. Opera ta koma kan injin Chromium na Google a 2013, Edge ma ta bi sahu a 2020, ta yadda burauzoji da yawa suna gudana ne a kan inji guda. Idan masu tsara shafi suka koma gwada aikinsu a kan wannan inji kaɗai, to mudun kamfani ɗaya zai sake zama mudun kasuwa, kamar yadda aka gani a 2001. Shawarata ga malaman da ke koyar da wannan fanni ita ce su fara ɗora ɗalibai a kan ƙa'idojin HTML da CSS da JavaScript kafin kowace taska, domin taskoki suna yin zamaninsu su wuce, ɗalibin da ya riƙe tushe kuwa zai iya koyon duk wadda ta zo.