Jela da Fiffike: Abin da Ya Karya Masu Shawagin Farko

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli shaho yana sauka kan dutse a ƙasar Batsari ko Safana, ya ga yadda yake baza jelarsa kafin ƙafa ta taɓa ƙasa. Wannan jela ita ce abin da mutanen farko da suka ɗaura wa kansu fukafukai suka manta.

A ƙarni na 9, a Kurɗuba ta Andalus, Abbas ɗan Firnas ya lulluɓe jikinsa da gashin tsuntsu, ya ɗaura fukafukai, ya yi tsalle daga tudu. Al-Makkari, wanda ya rubuta labarin bayan shekaru fiye da 700, ya ce ya yi tafiya mai nisa a sama, amma wajen sauka ya ji mummunan rauni a baya domin bai yi wa kansa jela ba. A farkon ƙarni na 11, wani malamin coci a Ingila mai suna Eilmer ya faɗo daga hasumiya ya karya ƙafafu biyu, shi ma jelar ya zarga.

Bajamushe Otto Lilienthal ya fi su ilmi nesa ba kusa ba. Ya tashi sama sau fiye da 2,000, kuma na'urarsa tana da jela. Sai dai da lilon ƙafafunsa yake sarrafa ta, nauyin kuwa bai isa ba. Ranar 9 ga Agusta 1896 gaban fiffiken ya ɗaga, gudu ya ragu, iska ta daina ɗaukarsa. Ya faɗo daga tsayin kusan mita 15, ya karya wuya, ya rasu washegari. A ganina wannan haɗari ne ya fi koyarwa, domin har yau raguwar gudu kusa da ƙasa na cikin manyan abubuwan da ke jefo matuƙa.

Da wasan ya bazu a shekarun 1970 da fiffiken ƙyalle irin na Francis Rogallo, sai wata masifa ta ɓullo: idan fiffiken ya sunkuya da yawa, ƙyallen ya saki, ba ya sake miƙewa. Masu ƙira suka ƙara igiyoyi da sanduna masu ɗago gabansa, aka kawo hular kwano da laimar ceto. Saura kuskuren da ƙira ba ta magance ba: matuƙi ya ruga bakin tudu bai maƙala ɗamararsa a jikin fiffiken ba. Shi ya sa ake sa shi ya rataya a ƙasa tukuna, wani yana riƙe da gaban fiffiken yana duba ƙugiyar.