Tayar Firestone da jif ɗin Ford Explorer: ƙorafin da aka yi shekaru ba a tattara ba

Duk sanda aka sanya hoton jif ta wuntsila a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ko ta Kano zuwa Maiduguri, bayani ɗaya nake gani a ƙasa: "taya ce ta fashe." Sai mu yi addu'a mu wuce. Shi ya sa yau nake so in kawo tarihin wata badaƙala da ta faru a Amurka, wadda ita ma da wannan jimlar ta fara. Rubutun da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

A 1990 kamfanin Ford ya fito da Explorer, ta maye gurbin Bronco II, wadda dama ta yi ƙaurin suna wajen kifewa. Explorer ta samu kasuwa sosai, ta zama motar iyali a Amurka. Yawancinsu da tayoyin Firestone suke fitowa daga masana'anta, samfurin ATX da ATX II, daga baya Wilderness AT. Alaƙar kamfanonin biyu kuwa tsohuwa ce, tun 1906 Harvey Firestone yake sayar wa Henry Ford taya, har jikokinsu suka yi aure a 1947.

To ina matsalar take? Taya ba roba zalla ba ce. A ƙarƙashin ɓawon da ke taɓa kwalta akwai ɗamara biyu ta wayar ƙarfe, an manne su da roba. In taya ta yi zafi, mannin nan yakan fara saki daga gefe, a hankali, ba a gani daga waje. Ranar da ya ƙarasa, ɓawon yakan salluɓe gaba ɗaya ana tsaka da gudu. Abubuwa huɗu ke ƙara mata zafi: rana, gudu, lodi, da ƙarancin iska. Ita kuma Explorer doguwa ce, nauyinta yana sama. In tayar baya ta saki, direba ya firgita ya murɗa sitiyari ko ya danne birki, sai ƙundumbala.

Ga kuma batun iska. Ford ya ce a riƙa sa awo 26 a gejin mai faci, alhali tayar tana ɗaukar har 35. Takardun da suka fito daga baya sun nuna an zaɓi 26 ne domin motar ta fi zama daram a kan hanya. Amma wanda ya fara da 26, in iska ta ɗan ragu kamar yadda take raguwa a kowace taya, ya riga ya shiga haɗari bai sani ba.

Ƙorafi bai makara ba. Tun cikin shekarun 1990 masu motoci suke kai ƙara kotu, ana sasantawa a asirce, a biya diyya, a rufe fayil. Kowane iyali yana zaton shi kaɗai abin ya afka wa. A watan Yulin 1998 wani ma'aikacin kamfanin inshora na State Farm ya lura da haɗurra 21 iri ɗaya a cikin takardun neman diyya, ya aika wa hukumar kiyaye haɗurran motoci ta Amurka, wato NHTSA. Ba a ɗauki mataki ba. Ni da na yi shekaru ina aikin gwamnati, wannan wurin bai ba ni mamaki ba. Duk wanda ya san ofis ya san yadda takarda mai muhimmanci take shigowa, a buga mata hatimi, a sa ta a fayil, ta kwanta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda aka fara ganin matsalar ƙuru-ƙuru: ƙasashe masu zafi irin namu. A Saudiyya dillalai sun yi ta kawo rahoton tayoyi na salluɓewa. Amsar Firestone ita ce laifin direbobi ne da yanayin ƙasar: gudu, zafi, mugun faci, rage iska don shiga rairayi. A watan Agustan 1999 Ford ya canza wa masu Explorer tayoyi a Saudiyya. A farkon 2000 ya yi haka a Malesiya da Tailan, sannan a Benezuwela. Duk wannan ba a sanar da hukumar Amurka ba, kuma a lokacin babu dokar da ta tilasta a sanar. Kun ga abin: ana cire taya a Riyad saboda tana kisa, irinta tana ƙarƙashin motar wani magidanci a Texas, inda zafin bai da wani bambanci.

Wanda ya fasa ƙwan gidan talabijin ne na birnin Houston, KHOU, a watan Fabrairun 2000. Sun jera haɗurran wuri guda, mutane suka gani, kowa ya ce ai nima haka ta same ni. Ƙorafi ya yi ta kwarara, a watan Mayu NHTSA ta buɗe bincike. Ranar 9 ga Agustan 2000 Firestone ya yi wa tayoyi kiranye, kimanin miliyan 6.5 da ake ƙiyasin suna kan hanya. Da yawa daga cikin masu matsalar an yi su ne a masana'antar Decatur ta jihar Illinois, wadda ta sha fama da dogon yajin aiki a tsakiyar shekarun 1990. Daga baya masana tattalin arziki biyu, Alan Krueger da Alexandre Mas, suka nuna tayoyin da aka yi a lokacin rikicin ma'aikatan sun fi sauran lalacewa. Wato rigimar albashi a cikin masana'anta ta biyo mutane har kan titi.

A watan Satumba majalisar dokoki ta kira su. Shugaban Firestone, Masatoshi Ono, ya nemi gafara. Na Ford, Jacques Nasser, ya dage cewa matsalar taya ce, ba ta mota ba. Firestone ya ce a'a, a duba motar da kuma iskar da aka ce a sa. A watan Mayun 2001 Firestone ya yanke hulɗar kusan shekara ɗari da Ford, Ford kuma ya ce zai canza wasu tayoyi miliyan 13 da kuɗinsa, kusan dala biliyan 3. Kafin shekarar ta ƙare an sauke Nasser, an rufe masana'antar Decatur. Lissafin NHTSA ya nuna mutum 271 sun mutu a Amurka kaɗai. A 2002 hukumar ta ƙi amincewa da buƙatar Firestone ta a binciki Explorer ɗin kanta, amma sabon samfurin 2002 ya fito da faɗi fiye da na da, an kuma sake fasalin ƙafafun baya.

Abin da aka tsira da shi doka ce, TREAD Act, wadda Shugaba Clinton ya sa wa hannu a Nuwamban 2000. Ta wajabta wa kamfani ya sanar da hukuma in ya yi kiranye a wata ƙasa, ya kuma riƙa miƙa alƙaluman ƙorafi da diyya lokaci zuwa lokaci. Wannan 'yar fitilar da ke kunnuwa a gaban direba in iskar taya ta ragu, wadda wasunmu ke liƙe wa salatif, daga wannan dokar ta zama dole a sababbin motocin Amurka tun 2007. Rayuka aka biya kafin a same ta.

Mu ina muke a nan? Jif-jif ɗinmu da yawa tokumbo ne daga Amurka, sun biyo ta Kwatano ko Legas. Wasiƙar kiranye tana zuwa ne adireshin mai mota na can, ba ta tsallako teku. Tayoyinmu da yawa na hannu ne. Zafin Afrilu a Sakkwato kuwa ba sai an faɗa ba. Muna tune da ranar 6 ga Maris 2016, sanda ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Hukumar FRSC ta ce tayar baya ce ta fashe ana gudu, jif ɗin ta wuntsila. Wannan an bincika saboda minista ne. Na talaka fa, wa ya rubuta sunan tayar, da shekarar da aka yi ta, da inda aka saye ta? Mun yarda da ƙaddara, amma yarda da ita ba ta hana rubuta abin da ya faru. In akwai wata muguwar taya da ke kashe mutane a hanyoyinmu yau, ba mu da kundin da zai nuna mana ita.

Kafin hukuma ta farka, ga abin da ke hannunmu. A gefen taya akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Ford da kansa yana cewa a canza taya in ta shekara shida, ko da zanenta bai cinye ba, har da safaya. A auna iska da safe kafin a hau hanya, a bi adadin da ke manne a jikin ƙofar direba. Mai motar Amurka ya ɗauki lambar VIN, mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba, ya sa a shafin NHTSA, kyauta ne, zai ga ko akwai kiranyen da ba a gyara ba. In kuma taya ta salluɓe maka, kar ka bar wa mai faci ita. Ɗauki hoton sunanta da lambarta, ka kai ƙorafi a rubuce ga FRSC da hukumar kare masu sayen kaya, FCCPC, ka riƙe kwafi.

Allah ya tsare mu a hanya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.