Madugu da Rabon Nauyi a Hanyar Gwanja

A ƙarni na 19, ayarin da ya tashi daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja don sayen goro yakan shafe watanni a hanya. Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka fi shahara a wannan fatauci. Sukan tafi da kanwa, tufafi da fatu, su komo da goro a bayan jakuna.

Jagaba na gaba yana duba hanya, malamin ayari yana zaɓar ranar tashi, amma yanke hukunci a wuyan madugu yake. In an iso bakin kogin Kwara ko ƙasar Bargu, shi ke zama da sarakuna ya daidaita kuɗin fito da na wucewa, sannan a karɓa daga fatake gwargwadon kayan kowa. A nan ake gane halin mutum. Madugun da ya sassauta wa ɗan'uwansa ya danne baƙo, da wuya ya tara jama'a baɗi, domin ba dole ne falke ya bi shi ba. Wannan 'yancin ficewa, a ganina, shi ya fi tsare adalci a ayari.

Sai dai abin da ke ci mini rai shi ne bayin da ke ɗauke da kaya a ka. Su ba su da zaɓin madugu, ba su da rabo a riba, Salaga kanta kuwa babbar kasuwar bayi ce. Haka aka ci gaba har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, fatake suka koma Kete-Krachi da wasu kasuwanni.