Ragi da Rangwame a Ƙasar Madawa, Buza da Keita

A kasuwannin Madawa, Buza da Keita, ragi tsohuwar al'ada ce mai ƙa'idojinta. Mai saye ya yi tayi, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a kai ga sallamawa. In an auna hatsi da tiya, akan ɗora gyara a kai. Irin wannan ragi mai kaya ne ke yin sa da yardarsa, domin riƙe abokin ciniki.

Rangwame kuwa ya fi ragi faɗi a bakin jama'a. Majinyacin da ya fara murmurewa akan ce ya samu rangwame, haka ma wanda alƙali ya sassauta wa hukunci. A nan kalmar na nufin sauƙi da jinƙai.

To amma tarihin kuɗi ya zo da wani ragin da ba a neman yardar kowa a kansa. A 1851 matafiyi Heinrich Barth ya tarar ana canjin dala guda ta azurfa a kan wuri kimanin 2,500 a Kano. Kafin ƙarshen ƙarnin ta kai wajen 5,000. Duk wanda ya tara wuri, rabin dukiyarsa ya zube yana zaune. Da Faransawa suka kafa mulki, sunan dala ya koma kan tamma biyar, kuma da shi ake lissafi har yau. Haka aka sake gani a Janairun 1994, sa'ad da aka karya darajar sefa: faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, taki da magani da sauran kayan waje suka yi tsada.

A ma'anar banki, ragi farashin lokaci ne: mai takardar bashin da ba ta nuna ba yakan karɓi kuɗi yanzu, a zaftare masa wani kaso. Manomin gero na Buza ko na albasa a fadamar Tarka ya san wannan lissafi tun kafin zuwan banki. In rumbu ya ƙare da damina, sai ya ci bashi a kan amfanin da bai girbe ba, ya biya da kaka lokacin da farashi ya faɗi warwas.

Wannan matsala ce ta sa a ƙarshen shekarun 1990 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shigo da jinginar hatsi a Nijar. Ƙungiyar manoma takan kulle amfaninta a sito, ta karɓi rance, ta sayar bayan watanni in farashi ya tashi. Abin da tsarin ke ba manomi shi ne ikon jira, domin a wannan yanki wanda ya kasa jira shi ake yi wa ragin dole, a kan guminsa.