Yawon shaƙatawa a jirgin ruwa a Kogin Nilu

Yawon shaƙatawa a jirgin ruwa a Kogin Nilu wani nau'i ne na yawon buɗe ido a ƙasar Masar, inda matafiya ke kwana, su ci abinci, su huta a cikin jirgi yayin da yake bin kogin daga gari zuwa gari. Hanyar da ta fi shahara ita ce tsakanin Luksor da Aswan a kudancin ƙasar, tazarar da ta ɗan haura kilomita 200. Mota kan cinye wannan tazara cikin 'yan awanni, amma jiragen kan ɗauki kwana uku zuwa huɗu, kuma wannan jinkirin shi ne abin da mutane ke biya dominsa.

Tarihi

Tun zamanin fir'aunoni Nilu ne babbar hanyar sufuri a Masar. Ruwan kogin yana gangarawa daga kudu zuwa arewa, iska kuma galibi tana kaɗawa daga arewa zuwa kudu, saboda haka mai zuwa kudu iska ke tura shi, mai komawa arewa ruwa ke ɗauke da shi. A ƙarni na 19 attajiran Turai kan yi hayar dahabiyya, wani jirgi mai ɗakunan kwana da ke tafiya da iska, su shafe watanni a kan kogin. Ɗan kasuwar Ingila Thomas Cook ya kai rukunin matafiyansa na farko Nilu a shekarar 1869, daga baya kamfaninsa ya zuba jirage masu tafiya da tururi, abin da ya rage kwanakin tafiya da kuɗinta. Littafin Agatha Christie mai suna Death on the Nile, wanda ya fito a 1937, ya ƙara wa tafiyar suna.

Abin da ke jan mutane

Matafiyi yakan kwance kayansa sau ɗaya ne, masaukinsa ke tafiya da shi. Kogin ba shi da manyan igiyoyi irin na teku, don haka ba kasafai ake jin jiri ko tashin zuciya ba, abin da ya sa tsofaffi ke son tafiyar. Gaɓa kuma ba ta ɓace wa ido. Daga rufin jirgi ana ganin gonakin rake da ayaba, da dabino, da masunta a ƙananan kwale-kwale, da yara masu ɗaga hannu, sannan can bayan ɗan siririn koren sai hamada ta fara kai tsaye. Da wuya a sami wata hanya da ke nuna yadda rayuwar Masar ta rataya a kan kogi ɗaya kamar wannan.

Yawancin manyan wuraren tarihi suna kusa da ruwa. A Luksor akwai haikalin Karnak da Kwarin Sarakuna, inda aka gano kabarin Tutankhamun a 1922. A Edfu akwai haikalin Horus, a Kom Ombo kuma akwai haikalin da aka raba tsakanin Horus da Sobek, abin bautar da ake zanawa da kan kada. A Aswan ana ziyartar haikalin Filae da babbar madatsar ruwa da aka kammala a 1970. A Esna jirage kan yi layi don bi ta wata ƙofar ruwa da ke ɗaga su ko sauke su, kuma a nan ne 'yan tireda ke zuwa cikin kwale-kwale suna jefa riguna da mayafai sama, ana ciniki da ihu.

Lokaci da matsaloli

An fi yin tafiyar daga Oktoba zuwa Afrilu, domin a lokacin bazara zafi kan wuce digiri 40. Sai dai natsuwar da ake tallatawa ba kullum ake samunta ba. Jirage kan ɗaure jere da juna a tasha, har tagar ɗakin mutum ta kalli bangon wani jirgin, kuma sau da yawa ana tashin matafiya da asuba don su riga rana isa haikali. Masu neman shiru sukan zaɓi dahabiyya, wadda ta fi tsada kuma ba ta ɗaukar mutane da yawa.

Sana'ar tana ciyar da matuƙa, masu dafa abinci, jagorori da masu keken doki na Edfu, kuma duk wani tashin hankali yana taɓa ta nan take. Bayan harin da aka kai wa masu yawon buɗe ido a Luksor a 1997, da kuma juyin juya halin 2011, baƙi sun ragu ƙwarai, jirage da yawa suka zauna a ɗaure a bakin kogi babu aiki.