Tarihin Mutum-mutumin Roba na Kirsimeti

Al'adar kwaikwayon haihuwar Yesu Almasihu ta samo asali ne a Italiya. A 1223 Faransis na Assisi ya shirya ta a ƙauyen Greccio da komin dabbobi da sa da jaki masu rai. Daga baya masu sana'a, musamman a birnin Naples, suka riƙa ƙera mutum-mutumin Maryamu da Yusufu da makiyaya da yumɓu ko katako.

Roba ta shigo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta kuma karya farashi. Gidan Fontanini mai ƙera irin waɗannan mutum-mutumi, wanda aka kafa a 1908 a Bagni di Lucca, ya koma amfani da ita a shekarun 1960. Masana'antun Hong Kong kuwa sun cika kasuwannin Amurka da Turai da masu araha, fentinsu sau da yawa a dagule.

Mai tara tsofaffin yakan kifa mutum-mutumin ya duba ƙasansa. Tsofaffin na Fontanini suna ɗauke da tambarin gizo-gizo, na baya-bayan nan kuma hoton maɓuɓɓugar ruwa. Cikakken saiti a kwalinsa na asali ya fi daraja, domin ƙananan cikinsu, kamar jariri Yesu da tumaki, su suka fi saurin ɓata.